Hufe Bwanyi, Dattijon Da Ya Buɗe Wa Baƙi Ƙofar Abijan

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke albasar Galmi a Ajame, ko ya kwana a Tireshbil, ya ci arzikin wannan dattijo ko da bai sani ba. An haifi marigayi Felis Hufe Bwanyi a Yamusukuro a 1905, ya yi karatun likita a Dakar, daga baya ya koma noman koko da sarautar gargajiya.

Abin da ya fito da shi shi ne yaƙi da aikin tilas, wanda Faransa ke kwasar talakawa tana kai su gonaki da gyaran hanya. A 1946 majalisar Faransa ta soke wannan zalunci da dokar da ke ɗauke da sunansa. A shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyarsa ta PDCI a Tireshbil, unguwar baƙar fata ta lokacin.

Da ya zama shugaban Kwaddibuwa a 1960 sai ya saki ƙofa, domin gonakin koko da tashar jiragen ruwa na neman hannu. Mossi suka cika gonaki, mu kuwa muka nufi kasuwa: katako, albasa, shanu, tsire, sai kuma acake da soyayyen kifi, wanda har yau ake kira garba saboda Hausawan Nijar da suka yi suna wajen sayar da shi. Babu albashi, babu fansho, sai maigida da amana. Ƙidayar 1988 ta nuna kashi 28 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne.

Sai dai a ganinmu ya bar baya da ƙura, don kuwa zaman baƙo ya rataya ne a kan alfarmarsa, ba a kan doka ba. Ya nemi a ba maƙwabta damar zama 'yan ƙasa biyu, 'yan ƙasarsa suka ƙi a 1966, ya haƙura. Da farashin koko ya faɗi, aljihun gwamnati ya bushe, sai ga dokar katin zama ta 1990, wadda ta mai da ɗan tireda abincin 'yan sanda a kowane shinge.

Ya rasu ranar 7 ga Disamba, 1993. Katin kuwa ya bi mutanenmu har 2007, lokacin da aka ɗauke shi ga 'yan ƙasashen CEDEAO.