Yarima Faisal Bin Fahad: Mutumin Da Ya Gina Wa Matasan Saudiyya Filin Wasa

Duk wanda ya bi ta arewa maso gabashin Riyad ya hango wani farin gini mai kama da tantunan makiyaya da aka jera a zagaye, to filin wasa na Sarki Fahad ne. Suna na uba ne, amma ɗawainiyar aikin ɗansa ne ya ɗauka, wato marigayi Yarima Faisal bin Fahad bin Abdul'aziz.

An haifi Yarima Faisal a tsakiyar shekarun 1940, kuma shi ne babban ɗan Sarki Fahad. Ya yi karatun kimiyyar siyasa a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka. Bayan dawowarsa ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya daga 1971, sannan a 1975 aka naɗa shi shugaban hukumar kula da matasa ta ƙasa, muƙamin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Haka kuma ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Larabawa, ya kuma zama ɗan kwamitin wasannin Olamfik na duniya.

Lokacin da ya kama aiki, babban filin da Riyad ke tinƙaho da shi shi ne na unguwar Malaz. Yariman ya fahimci cewa ƙasar da ke son duniya ta zo mata sai ta tanadi wurin saukar baƙi. Saboda haka a 1982 aka aza harsashin sabon fili, aka kammala shi a 1987, yana ɗaukar 'yan kallo fiye da dubu 60. Babbar matsalar da magina suka fuskanta ita ce zafin rana. Maimakon rufin kankare mai nauyi, sai aka ɗaura wani farin ƙyalle mai ƙarfi a kan ginshiƙai 24, ya yi wa masu kallo inuwa, aka bar tsakiyar filin a buɗe.

Abin lura a salon aikinsa shi ne bai bar ginin ya zauna haka nan ba. Kowace shekara ko biyu akwai gasar da ake shirya wa. A 1988 filin ya karɓi gasar kofin ƙasashen yankin Gulf. A 1989 aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya na matasa a cikinsa, inda Fotugal ta ci Flying Eagles ta Nijeriya 2 da nema, kwanaki kaɗan bayan Nijeriyar ta farke ƙwallo huɗu da Tarayyar Sobiyat ta zura mata a Damam. A 1992 aka fara gasar Kofin Sarki Fahad, Nijeriya ta zo ta huɗu a ta 1995, daga 1997 kuma FIFA ta karɓi gasar ta mayar da ita ta zakarun nahiyoyi.

A zamaninsa Saudiyya ta ɗauki kofin Asiya a 1984 da 1988 da 1996, ta kuma je kofin duniya karo na farko a 1994, har ta tsallake zagayen farko. Mu ma Hausawan wannan ƙasa mun ci moriyar ƙofar da aka buɗe, domin Usama Hausawi, haifaffen Makka, shi ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a kofin duniya na 2018.

Allah ya yi masa rasuwa a Riyad ranar 21 ga Agusta 1999 sakamakon bugun zuciya. Filin Malaz yana ɗauke da sunansa, ƙanensa Yarima Sultan kuma ya gaje shi a kujerar.

A 2023 aka rufe filin Sarki Fahad domin yi masa gagarumin gyara, a ƙara kujerunsa zuwa sama da dubu 70, saboda kofin Asiya na 2027 da kofin duniya na 2034 wanda FIFA ta ba Saudiyya a Disambar 2024. Masu gyaran suna bin sawunsa ne: a fara sanin ranar da baƙi za su iso, sannan a tsara aiki a kanta. Ƙungiyoyinmu na matasa da ke tara kuɗin gyaran filin unguwa ba tare da sa wa'adi ba, ga abin koyi.

Allah ya jiƙansa da rahama, amin.