Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Bala Miller (1928–2003)

An haifi marigayi Bala Miller a shekarar 1928 a garin Fankshin, can cikin duwatsun Filato a Najeriya. Mahaifinsa, Rabaran Miller, mutumin Zariya ne, yana kuma cikin rukunin farko na mutanen ƙasar Hausa da suka shiga addinin Kirista har suka zama limaman majami'a. Sunan Miller kuwa sananne ne a ƙasar Zazzau ta dalilin Likita Walter Miller, Baturen mishan wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Daga wannan tushe Bala ya gaji abubuwa biyu waɗanda bai rabu da su ba har ƙarshen rayuwarsa, wato Hausar Zazzau da waƙar taro irin ta majami'a, wadda ake raba muryoyi, kowa ya riƙe tasa.

Aikin limanci ya kai mahaifinsa Lakwaja, inda kogin nan na Kwara, wanda ya ratsa Yamai ta gefen Lamorde, yake haɗuwa da Binuwai. Lakwaja tsohon barikin soja ne. A nan ne Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewa a ranar 1 ga Janairu 1900, kuma duk inda soja suka zauna sai ka tarar da badujala da bigila. A majami'ar Holy Trinity ta wannan gari ne yaron ya fara ganin kayan busa na tagulla da idonsa, ya kuma taɓa su da hannunsa. Bai cika shekara 10 ba ya shiga sahun masu busa na majami'ar.

Daga nan aka tura shi Ikko, wato Legas, makarantar CMS Grammar School, wadda aka kafa tun 1859. Ya shiga ƙungiyar kiɗa ta makaranta, amma hakan bai ishe shi ba, sai ya riƙa bin ƙungiyar Calabar Brass Band zuwa wuraren biki da bakin titi. A nan ya koyi abin da aji ba ya koyarwa, wato yadda ake riƙe taron da ba kujera aka ba shi ba, wanda idan kiɗa bai yi masa ba sai ya watse. Da ya gama makaranta ya kama aikin tallar kaya a kamfanin Lever Brothers. Da rana yana ofis, da dare kuma ya ɗauki ƙahonsa na tirampet ya nufi ƙungiyar Samuel Akpabot, wanda daga baya, a 1954, ya tafi Landan karatun kiɗa.

Ya kamata a ɗan tsaya a nan a fayyace kalmar jaz, domin ma'anarta a Afirka ta fi ta asali faɗi. A Amurka, kiɗa ne na baƙar fata wanda ya taso daga birnin New Orleans, inda kowane mai busa yakan samu lokacinsa ya ƙago abin da zai busa nan take. A nahiyarmu kuwa, kusan duk ƙungiyar da ta haɗa ƙahoni da jita da gangunan Turawa jaz ake ce mata, shi ya sa aka samu Bembeya Jazz a Gini da OK Jazz a Kwango. A Ikko ta shekarun 1950, Bobby Benson ya fara da jaz ɗin Amurka, sannan E.T. Mensah na Gana ya riƙa zuwa da ƙungiyarsa ta Tempos, ya nuna cewa ana iya ɗora waɗannan ƙahoni a kan kiɗan gida. Abin da ya fito daga wannan gauraye shi ake kira hailaif. A cikin wannan kasuwa Bala ya goge, tare da sa'o'insa irin su Victor Olaiya. An yi hailaif da Yarbanci, an yi da Ibo, an yi da Efik da Turancin buroka. Hausa kuwa, duk da yawan masu jin ta, tana can gefe.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma kowane kiɗa da mai shi. Kakaki da tambari na sarki ne, ba a busa wa talaka kakaki komai dukiyarsa. Kalangu na mahauta ne tun asali, gangar noma ta manoma, kotso da taushi na fada. Makaɗi yana da ubangida, yana wasa shi, shi kuma ya tufatar da shi ya ciyar da iyalinsa. A wannan tsari Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi fice, kuma ko Mamman Shata, wanda ya fi kowa ƴanci, waƙar mutane ce mafi yawan abin da ya bari. To, ina matsayin ƙungiyar da ba ta da ubangida, wadda ke hawa dandamali a sayi tikiti a shiga kallonta? A idon jama'a wannan kiɗan otal ne da gidan rawa na Sabon Gari, na baƙi ne, kuma ɗan mutunci ba ya kusantarsa. Uban da zai yi alfahari ɗansa ya shiga ƴan badujalar ƴan sanda, shi ne zai ɓata rai idan ya ji yaron yana kaɗa jita da dare.

Wannan katanga Bala Miller ya tarar sa'ad da aikin kamfanin Nigerian Breweries ya dawo da shi Arewa, ya zauna a Kaduna. Shekaru da dama bai bar aikin albashi ba, kiɗa yana gefe. Sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo ya tarwatsa ƙungiyoyin hailaif, saboda da yawa daga cikin ƙwararrun masu busa mutanen Gabas ne, sun koma gida. A Ikko kiɗan juju ya cike gurbin. A Arewa kuwa gurbin ya zauna a buɗe, sai faya-fayan Indiya da na Sudan da na Kwango.

Abin da ya bambanta shi da sauran sa'o'insa shi ne ya gane cewa matsalar ba ta kayan kiɗa ba ce, ta mutane ce. Ana iya sayo ƙaho daga Ingila cikin mako biyu, amma mai busa shi sai an rene shi. A 1973, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, Bala ya tsaya a kan kafa makarantar koyar da kiɗa a Kano, inda samari za su koyi karanta rubutun kiɗa da sarrafa kayan zamani kamar yadda ake koyon kowace sana'a. Mutanen Yamai ba za su ji wannan a matsayin baƙon abu ba, domin irin wannan tunani ne ya haifi cibiyar koyar da kiɗa da aka buɗe a birnin a 1989, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Alhaji Taya.

Babbar dama ta zo masa a 1977, shekarar bikin FESTAC, wanda aka yi a Ikko daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Bala yana cikin waɗanda suka yi aikin shirya ɓangaren kiɗa. Bikin ya tara Miriam Makeba da Stevie Wonder da Sun Ra da Bembeya Jazz da Franco na Kwango, kowa da babbar ƙungiyarsa. A wannan shekara ce, yana dab da cika 50, lokacin da wasu ke tunanin ajiye ƙaho, ya kafa tasa ƙungiyar, Great Music Pirameeds of Afrika. Wanda ya ji sunan daga nesa zai tuna da dalar Masar, Bakano kuwa dalar gyaɗa ce za ta faɗo masa a rai. Ta fara da mutum 12, ta bunƙasa har ta kai 28.

Riƙe mutum 28 a kan dandamali ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai sahun masu ƙaho da saksofon, akwai masu jita, akwai masu ganguna, ga kuma mawaƙa da ƴan amshi. Idan ɗaya ya riga sauran da ƙiftawar ido, kowa zai ji. Wannan ya sa irin wannan ƙungiya ba ta rayuwa sai da maimaici kullum da kuma shugaba mai kunne. Amma wahalar da ta fi wannan ita ce ta harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Idan karin waƙa ya hau inda kalma ke sauka, sai ma'ana ta karkace. Mai kalangu ya san wannan tun yana goye, domin gangarsa magana take yi. Mai tsara kiɗan ƙahoni kuwa dole ya zauna ya auna kowace gaɓa, ya sa tagulla ta bi harshe maimakon harshe ya bi tagulla. A nan gwanintar Bala take. Wanda ya saurari faya-fayansa zai ji jagora ya ba da baiti, ƴan amshi su karɓa kamar yadda ake yi a dandali, sannan ƙahoni su shigo su maimaita amshin, har mai sauraro ya ji kamar su ma Hausar suke yi.

Bai bi hanyar roƙo ba. Waƙarsa da ta fi shahara, Ikon Allah, ba ta wasa wani sarki ko attajiri; magana ce a kan abubuwan mamaki na halitta da iyakar wayon ɗan Adam. Ɗan limamin majami'a ne ya yi ta, amma Musulmi da Kirista duk sun riƙe ta, kowa yana jin tasa ce, abin da ba kasafai ake samu ba a Kaduna ta shekarun da suka biyo baya. A kulob ɗin Costain da ke Kaduna ƙungiyar ta yi zamanta, nan ne kuma matasa da yawa suka fara hawa dandamali. A tsakiyar shekarun 1980 gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya riƙa nuna shirinsa mai suna Bala Miller Show. Da wannan shiri kiɗan da ake ce wa na otal ya shiga falon gidajen mutunci, uba da uwa da ƴaƴa suna zaune suna kallo tare.

Sai dai zamani bai jira shi ba. Daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, kayan kiɗa na waje suka yi tsada, ciyar da mutum 28 da ɗaukar su a mota zuwa wani gari ya zama nauyin da tikiti ba ya iya ɗauka. Masu kwafar kaset ba bisa izini ba suka cinye ribar faifai. A shekarun 1990 kuma finafinan Hausa suka taso a Kano, da su da fiyano mai ƙwaƙwalwa, wadda yaro ɗaya zai zauna a ɗaki ya fitar da sautin ganga da ƙaho da sarewa duk da yatsunsa. Waƙar Hausa ta zamani ta yaɗu fiye da yadda Bala ya taɓa zato, amma ba ta hanyar da ya share ba, domin babbar ƙungiya mai busa da numfashin mutane ta zama abin tarihi a Arewa.

Bala Miller ya rasu a shekarar 2003, yana da kimanin shekara 75 a duniya.