Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da taswirar da ta kai Landan

An fi sanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da takobi da alƙalami, amma akwai wata takarda ɗaya tak mai ɗauke da sunansa wadda ta nuna shi a matsayin mai fahimtar sirrin zane. Ita ce taswirar kogin Kwara da ƙasashen da ke kewaye da shi, wadda aka zana a Sakkwato a 1824.

An haifi Bello a 1781, ɗa ne ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi, har ya yi zurfi a Larabci da fiƙihu da tarihi da ilimin magani. Yana cikin waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma da shi aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Shekara ɗaya bayan haka ya kafa Sakkwato. A 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da ya haɗa labarin jihadi da bayanin ƙasashe da al'ummominsu. Da Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a 1817, sai aka yi masa mubaya'a.

Mulkinsa na tsaron iyaka ne. Ya kakkafa ribaɗi, wato garuruwan tsaro, ya ɗora 'yan uwa da amintattu a kansu. A kudancin Sakkwato, yankin Tambuwal da Kebbe na yau, ɗan uwansa Muhammadu Buhari ne ya zauna a Tambuwal, shi kuwa Bello ya gina nasa ribaɗin a Wurno. Mai irin wannan aiki dole ya riƙe surar ƙasa a ƙwaƙwalwarsa: ina rafi, ina mashigi, zango nawa ne daga wannan gari zuwa wancan.

A watan Maris na 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato ta hanyar Tarabulus da Borno da Kano, aka ba Waziri Giɗaɗo kula da shi. Abin da ya fi damun baƙon shi ne sanin inda Kwara ke ƙarewa, tambayar da ta ci ran Mungo Park a Busa a 1806. Bello ya fara zana masa kogin a kan rairayi, ya nuna masa cewa ruwan yana gangarawa har ya shiga teku. Daga baya aka mayar da bayanin ƙasar kan takarda, aka yi wa garuruwa alama, aka ja hanyoyin fatake a tsakaninsu, aka rubuta sunayensu da Larabci.

Sai dai zanen takarda ya saɓa wa na rairayi. A takardar, Kwara ya karkata gabas, tare da rubutun da ke nuna cewa shi ne ke kaiwa Masar har a kira shi Nilu. Masana tarihi sun kasu biyu a kan wannan. Wasu na ganin an bi ra'ayin da ke cikin tsofaffin littattafan Larabawa ne, wasu kuma na ganin da gangan aka rufe wa baƙo hanyar teku, don kada jiragen Ingila su samu ƙofar shiga daular. Masu ra'ayi na biyu suna kafa hujja da cewa Bello bai bar Clapperton ya wuce Yawuri da Nufe ba, inda da ya ga kogin da idonsa.

A nan ne taswirar ta haɗu da aikin masu zanen tambari na yau. Su ma sukan fara da tattara bayani, su yi gwaji a inda za a iya gogewa, sannan su rage abu mai yawa ya koma 'yan alamu da ido zai kama nan take. Kafin su kammala kuma sai sun tambayi kansu wa zai ga zanen, da abin da suke so ya fahimta. Abin da mai zane ya bari a waje yakan yi nauyi kamar abin da ya sa a ciki.

An buga taswirar a Landan a 1826, cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton, tare da fassarar wani yanki na Infaƙul Maisuri. Clapperton ya dawo Sakkwato a shekarar, ya kawo wa Bello littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci, kuma a can ya mutu a Afrilun 1827. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi Kwara har bakin teku.

Bello ya rasu a Wurno a 1837, bayan shekara 20 yana mulki, kuma a can kabarinsa yake. Turawan Ingila ba su ci Sakkwato ba sai a 1903, shekara 66 bayan rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.