Likita Barau Dikko: Yaron Da Aka Tsaya Wa

An haifi Barau Dikko cikin 1912. Ya fara karatu a makarantar Mishan ta Wusasa, Zariya, sa'an nan ya zo nan Ikko ya shiga King's College. A zamanin nan babu jami'a a Nijeriya, karatun likita a Ingila kuwa ya fi ƙarfin aljihun iyaye. Su Likita Mila na Wusasa suka tsaya masa har ya gama Jami'ar Bamingam, ya zama likita na farko ɗan Arewa.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya kuma riƙe kwamishinan Tarayya zamanin Janar Gawon. Ya rasu cikin 1977. Yau akwai babban asibiti a Kaduna mai sunansa.

To jama'a, kada mu bari rashin kuɗi ya tsai da yaro mai ƙwazo.