Sir Percy Girouard: Gwamnan da ya shimfiɗa wa Arewa layin dogo

A watan Oktoba na shekarar 1903, wani jirgin ƙasa na gwaji mai aiki da lantarki ya yi gudun kilomita 210 cikin sa'a guda a kan layin da ke tsakanin Marienfelde da Zossen a ƙasar Jamus. A wannan shekarar ce sojojin Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato, kuma a lokacin raƙuma da jakuna da 'yan dako ne ke ɗaukar kaya a ƙasar Hausa. Bayan shekara huɗu aka turo mutumin da zai sauya wannan hali, wato Sir Percy Girouard. Shi ma gwanin sauri ne, sai dai saurinsa na shimfiɗa layi ne cikin ɗan lokaci da kuɗi kaɗan.

An haifi Girouard a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 26 ga Janairu, 1867. Mahaifinsa lauya ne da ya kai matsayin alƙali a Kotun Ƙolin Kanada. Ya kammala kwalejin soja ta Kingston a 1886, ya taɓa aikin layin dogo, sannan ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya a 1888.

A Sudan ya yi suna. Janar Kitchener, wanda ke yaƙar daular Mahadi, ya ɗora masa aikin ratsa hamadar Nubiya da layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, tafiyar kusan kilomita 370. An fara aikin a farkon 1897, aka isa Abu Hamed a ƙarshen Oktoban shekarar. Wannan layi ne ya yi jigilar sojoji da makaman da aka ci yaƙin Omdurman da su a 1898. Daga nan ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa ta Masar, sannan ya kula da layukan Afirka ta Kudu a lokacin yaƙin Bowa.

A 1907 aka naɗa shi ya gaji Lugga a matsayin shugaban mulkin mallaka na Arewacin Nijeriya, da hedikwata a Zungeru. Babban aikin da ke gabansa shi ne layin da zai taso daga Baro a bakin kogin Kwara, ya bi ta Minna da Zariya ya isa Kano, tafiyar fiye da kilomita 550. Daraktan ayyuka, John Eaglesome, shi ya jagoranci aikin a fili. An yi amfani da ƙaramin ma'auni mai faɗin milimita 1,067, irin na Sudan. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori, kuma talakawa da yawa sun bar gonakinsu ba da son ransu ba, ko da yake ana biyan su lada.

Girouard bai ga ƙarshen aikin ba, domin a 1909 aka mayar da shi gwamnan Gabashin Afirka, inda ake kira Kenya a yau. Layin ya isa Kano a 1911. Turawa sun sa ran auduga zai riƙa kwasowa domin masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka karkata gare ta. Daga nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ya ɗaukaka attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Jos ma ta samu rabonta. Daga Zariya aka fitar da wani reshe mafi ƙanƙanta, mai faɗin milimita 762, domin kwaso kuza. Ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Kuza da jirgi suka jawo leburori da fatake daga sassa daban-daban, garin ya yi ta faɗaɗa har ya haifi unguwanni irin su Anguwan Rogo.

Ya kuma bar gado a harkar filaye. Shawarwarinsa na cikin abin da ya haifar da dokar 1910, wadda ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna bisa amana, ta toshe ƙofar sayar wa baƙi ita kai tsaye. Amma a Kenya, a zamaninsa ne aka tashi Masai daga makiyayarsu ta Laikipia domin Turawa manoma. Taƙaddamar da ta biyo baya tsakaninsa da ofishin mulkin mallaka ta kai shi ga yin murabus a 1912. Ya koma kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth, ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumba, 1932.

An tsara layin Girouard domin ya kai kaya bakin ruwa da araha, saboda haka ƙanƙantar faɗinsa da yawan kwanoninsa suka taƙaita gudun jirgi. Sai a 2016 Arewa ta ga jirgin fasinja a kan babban ma'auni mai faɗin milimita 1,435, tsakanin Abuja da Kaduna, shekara 105 bayan layin Baro ya isa Kano.