Ɗantunku, Mafarin Sarautar Kazaure

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, bana na zaɓi in tuna mana da Malam Ibrahim Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar da ta raine mu.

Ɗantunku Bafillace ne daga zuriyar Yarimawa, ya zauna a Dambatta, arewacin Kano. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taimaka wajen hana sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗa ƙarfi, saboda haka ya samu tuta da ƙasa a wannan bakin iyaka.

Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka shafe shekara biyar ana gwabzawa. Baturen Ingila Clapperton, da ya iso Kano a 1824, ya tarar da yaƙin bai ƙare ba. A shekarar ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa Ɗantunku ƙasarsa. Bai daɗe ba ya rasu, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya zaunar da sarautar a garin Kazaure. Yau Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk suna ƙarƙashinta.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, ina yawan ganin takardun rikicin iyaka tsakanin ƙauyuka. Abin lura gare mu shi ne, abin da takobi ya kasa yankewa cikin shekara biyar, sulhu ne ya yanke shi. Allah Ya jiƙan magabata, amin.