Shaihu Muhammadu Abduhu Da Gyaran Jami'ar Azhar

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a ƙasar nan ya ji sunan Azhar, babbar makarantar nan ta birnin Alƙahira a ƙasar Masar. Jauhar, sarkin yaƙin Faɗimiyyawa, shi ya aza harsashin masallacin cikin shekarar 970, aka soma salla a ciki cikin 972, ba a daɗe ba kuma aka fara karatu. Almajirai su kan zo daga ko'ina cikin ƙasashen Musulmi, kowace ƙasa da sashen da a ke saukar da mutanenta, wanda a ke ce wa ruwaƙi. Har mutanen Barno an ba su nasu. To, cikin waɗanda suka yi karatu a wurin, kaɗan ne suka sha wahala a kan gyaran makarantar kamar Shaihu Muhammadu Abduhu.

An haife shi cikin 1849 a arewacin Masar, ya girma a ƙauyen Mahallatu Nasar. Ubansa manomi ne. Bayan ya haddace Alƙur'ani aka kai shi masallacin Ahmadi a garin Tanta don ya nemi ilmi, a nan ne kuwa ya kusa yin ban kwana da karatu. Malamai suka ɗora shi a kan sharhin Ajurumiyya, suna ta jero masa kalmomin nahawu, ba wanda ya tsaya ya bayyana masa ma'anarsu. Ya yi shekara ɗaya da rabi bai fahimci kome ba, har ya zaci kansa ne ba ya ja. Sai ya gudu gida, ya yi aure yana da shekara 16, ya ƙudurta noma zai yi.

Ubansa bai yarda ba, ya tilasta masa komawa. A hanya ya ratse wani ƙauye wurin dangi, inda ya gamu da wani dattijo sufi, Shaihu Darwishu. Dattijon ya lallashe shi ya riƙa karanta masa littafi, in ya karanta jimla sai ya warware masa ita da magana mai sauƙi. Cikin 'yan kwanaki yaron da ya tsani karatu ya zama ba abin da ya ke so kamarsa. Bambancin malaman Tanta da wannan dattijo shi ne abin da ya riƙe a ransa har mutuwarsa.

Cikin 1866 ya shiga Azhar, ya tarar da irin abin da ya gudar masa. Ba aji, kowane malami yana zaune gindin ginshiƙinsa, almajirai sun kewaye shi. A karanta matani, a bi da sharhi, a bi sharhi da hashiya, har almajiri ya manta da asalin mas'alar. Lissafi da tarihi da labarin ƙasa kusan ba mai kula da su. Jarrabawar ba da shahada ma sai cikin 1872 aka kafa ta. Da Sayyid Jamaluddin Afgani ya sauka Alƙahira cikin 1871, Abduhu ya zama babban almajirinsa, ya koyi falsafa da manɗiƙi a gidansa, ya soma rubutu cikin jaridu. Wannan ya ɓata wa waɗansu shaihunai rai, musamman Shaihu Ulaishu, babban malamin Malikiyya. Ran jarrabawarsa cikin 1877 waɗansu sun so su kayar da shi, amma Shaihun Azhar na lokacin, Abbasi Mahadi, ya tsaya masa, aka ba shi shahada mai daraja ta biyu.

Ya fara koyarwa a Azhar da kuma Darul Ulum, watau makarantar horon malamai, inda ya karantar da Muƙaddimar Ibn Haldun. Cikin 1879 aka kori Afgani daga Masar, shi kuma aka umurce shi ya koma ƙauyensu. Da shekara ta kewayo aka kirawo shi, aka naɗa shi editan jaridar Gwamnati, Waƙa'i'ul Misriyya. Sa'ad da Turawan Ingila suka murƙushe tawayen Urabi Basha cikin 1882 suka mamaye Masar, aka kama shi da laifin goyon bayan tawayen, aka kore shi daga ƙasar. Ya zauna Bairut, sa'an nan ya iske Afgani a Faris, babban birnin Faransa, inda suka buga jaridar Urwatul Wusƙa cikin 1884, wadda ta fito sau 18. Daga nan ya koma Bairut yana koyarwa. Darussan da ya bayar a can su ne asalin littafinsa Risalatut Tauhid.

Ya komo Masar cikin 1888. Koyarwa ya so, amma Sarkin Masar Taufiƙ ya ji tsoron barinsa da samari, sai aka ba shi alƙalanci. Bai raina neman sani ba, don ya haura shekara 40 kafin ya zauna ya koyi Faransanci.

Da Abbas Hilmi ya hau gadon sarauta cikin 1892, Abduhu ya shawo kansa a kan gyaran Azhar. Cikin 1895 aka kafa majalisar gudanar da makarantar, aka sa shi a ciki wakilin Gwamnati. Majalisar ta ƙara wa malamai albashi, ta tsara shi bisa daraja. Ta daidaita jarrabawa, ta rage yawan hutu, ta sa likita mai duba almajirai. Littattafan da ke warwatse cikin ruwaƙai aka tattara su, aka buɗe ɗakin littattafai cikin 1897. Aka hana karanta hashiya cikin shekara huɗu na farko, aka shigo da lissafi da aljabara da tarihi da labarin ƙasa. Cikin 1899 aka naɗa shi Muftin Masar, duk da haka bai bar karantarwa ba. Ya kan yi tafsiri a ruwaƙin Abbasi, almajirinsa Rashid Rida yana rubutawa, yana bugawa cikin mujallar Manar.

Amma gyara ba ya zuwa da sauƙi. Shaihunai da yawa suna ganin sababbin darussan nan za su janye almajirai daga ilmin addini, su mai da Azhar makarantar Gwamnati. Abokan gabansa kuma suna yi masa gori da shirinsa da Lord Cromer, wakilin Ingila. Daga baya Sarki Abbas ma ya juya masa baya, saboda ya ƙi yarda a yi wa Sarki rangwame cikin musayar wata ƙasa ta waƙafi. Da ya ga ba wanda zai dafa masa, sai ya fita daga majalisar cikin watan Maris 1905. Ran 11 ga Yuli na wannan shekara ya rasu a Iskandariya yana da shekara 56, tafsirinsa yana cikin Suratun Nisa'i. Aka kai shi Alƙahira aka binne. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya shuka bai mutu ba. Abokansa Sa'adu Zaglul da Ƙasim Amin suna cikin waɗanda suka tashi neman kafa Jami'ar Masar, wadda aka buɗe cikin 1908, ita ce Jami'ar Alƙahira ta yanzu. Almajirinsa Mustafa Maragi ya zama Shaihun Azhar cikin 1928, ya ɗauko gyaran daga inda aka tsaya. Dokar 1930 ta raba babban karatun Azhar kashi uku: Usuluddin, da Shari'a, da Larabci. Dokar 1961 kuma ta shigo da koyon likita da injiniya da aikin gona.

Har yanzu malamai suna jayayya a kan waɗansu ra'ayoyinsa, da kuma zamansa da Turawa, kowane ɓangare da hujjarsa. Amma akwai abu guda cikin labarin nan da ya shafi kowane malamin makaranta. Yaron da ya zama Muftin Masar ya taɓa yanke ƙauna daga karatu, ba don rashin basira ba, sai don ba a bayyana masa abin da ya ke haddacewa ba. Saboda haka in malami ya ga yaro ya yi shiru a bayan aji ba ya ganewa, kafin ya ce daƙiƙi ne, ya kamata ya fara duba yadda shi kansa ya ke koyarwa.